Tukunyar Inna, wayoyi bakwai da firintar Alhaji

Ranar wata Laraba bayan la'asar Alhaji ya kira ni, ko gaisawa ba mu yi sosai ba sai ji na yi ya ce "ɗan nan, abin nan naka da ka sa muna fa ya koma rabin rasit shike fiddawa, ga mutum nan tsaye tun ɗazu, motar Mashi na jiranshi." Na ce ranka ya daɗe a kashe firintar a sake kunnawa mu gani. Ya ce an kashe an kunna har sau uku. Na hau mashin daga Ƙofar Marusa a nan Katsina na nufi Babbar Kasuwa raina duk a jagule, ina isa na ciro wayata na haɗa da firintar na danna, rasit ya fito tsaf tun daga sunan shago har kan "mun gode" na ƙarshe. Alhaji ya dube ni ya dubi yaron shagonshi ya ce "to kai aljanunta ke jin tsoro kenan." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma dariyar yaƙe ce wallahi, don na san ina juya baya za ta sake.

Abin da na yi mashi ɗan ƙaramin af ne na Android, yaron shago ya shigar da kaya da kuɗi, katan nawa buhu nawa, ya danna, ƴar ƙaramar firintar nan ta Bluetooth mai takarda 58mm irin ta masu POS ta fiddo rasit. Wata biyu na yi ina rubuta shi kuma duk gwajin da na yi a wayata ɗaya tilo na yi shi, ina zaune kan tabarma, firinta na gefen gwiwata, batir cike, babu kowa kusa. A haka ko jaki aka ba zai ci jarrabawa. Emulator, wato wayar kwaikwayo da ke kan kwamfuta, kuwa bai ma san akwai wata firinta a kan tebur ba, don haka ta wannan fannin ba ya da wani amfani gare ni.

Daren ranar na share shagon ƙofar gidanmu, wanda da yayanmu ke kwana ciki kafin ya yi aure, na ce nan ne zai zama ɗakin gwaji. Kar wani ya ji ɗakin gwaji ya ɗauka wani abin azo a gani ne, tebur ne guda na katako, da benci, da ekstenshin mai baki shida da na jona ma ƙaramar solar gidan saboda kun san halin wuta, sai tsohon laftof ɗina da na sa ma Ubuntu. Abu na farko da na fara nema wayoyi ne, kuma a nan na gane kuɗin sabuwar waya ɗaya mai tsada gara ka raba shi ka sayi tsoffi biyar. Na bi masu gyaran waya na nan gari ina tambayar masu fasasshen gilashi da waɗanda layi ya daina kamawa a ciki, tunda ni ba kira zan yi da su ba, in dai Bluetooth na tashi kuma ana iya taɓa sikirin shike nan. Na samu itel ɗaya, Tecno biyu, Infinix ɗaya, Samsung, Redmi, sai wata tsohuwar iPhone da ƙanena ya ara mani bisa sharaɗin kullum da dare zan mayar mashi. Dalilin da ya sa na cika tebur da Tecno da Infinix da itel ai a bayyane yake, su ke hannun yaran shago, duk ukun ma kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion, amma cif ɗin da ke ciki ba ɗaya ba ne, wata MediaTek wata Unisoc, ga kuma kowace da irin kwaskwarimar da aka yi ma Android ɗinta. Abin da na fi kulawa da shi wajen zaɓe shi ne lambar Android, na tabbatar ina da 8, da 10, da 11, da 12, da 13, na manna ma kowace farin tef a baya na rubuta da biro.

Ko kwana ɗaya ba a yi ba wannan tef ɗin ya biya kuɗinshi. Ina buɗe af ɗin a kan mai lamba 12 na danna neman firinta sai ya rufe kanshi ɗif. Ashe tun Android 12 da ya fito a 2021 an raba izinin Bluetooth, akwai BLUETOOTH_SCAN na nema, akwai BLUETOOTH_CONNECT na haɗawa, kuma dole sai af ya roƙi mai waya baki da baki ya amince, wannan tambayar da ke fitowa ta "Nearby devices". Ni na rubuta su a manifest, fayil ɗin da af ke jera izinin da yake buƙata, na manta ban roƙa ba, wayata kuwa 11 ce shi ya sa ban taɓa gani ba. Su kuma na ƙasa da 12, tun daga Android 6 na 2015, izinin lokeshin suke so kafin su nuna maka na'urorin da ke kusa, a wasu ma sai an kunna lokeshin ɗin kanshi, in ba haka ba ka yi ta nema jerin ya fito wayam ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ka je ka yi ma yaron shago bayanin mi ya haɗa fidda rasit da sanin inda yake, zai ɗauka Alhaji ne ya sa a riƙa bin sawunshi. Sai da na rubuta bayanin da Hausa a cikin af ɗin kafin tambayar ta fito.

Amma duk wannan ba shi ne rabin rasit ba. Rabin rasit sai da na koyi leƙa zancen da ke gudana tsakanin waya da firinta tukuna. Ga yadda ake yi, ka shiga setin, wurin bayanin waya, ka danna "Build number" sau bakwai, sai "Developer options" ya buɗe, a ciki ka kunna "Bluetooth HCI snoop log", sa'annan ka kashe Bluetooth ka sake kunnawa, wannan matakin na ƙarshe in ka tsallake shi za ka yi aikin banza, ni sai da na yi na awa biyu. Daga nan duk abin da wayar ta faɗa ma cif ɗinta na Bluetooth da abin da ya mayar mata ana rubuta shi cikin wani fayil, btsnoop_hci.log. Ka maimaita matsalar, ka jona wayar da kebul, ka buga adb bugreport a kwamfuta (adb shi ne abin da kwamfuta ke ba wayar Android umarni da shi), ya ba ka zif, wato dunƙulen fayiloli, ka tona ciki ka ciro fayil ɗin ka buɗe da Wireshark, manhajar karanta zancen da ke gudana tsakanin na'urori. Inda fayil ɗin ke ɓuya ya danganta da kamfanin wayar, akwai ɗaya cikin nawa da na yi juyin duniya ban same shi ba na haƙura, ba zan kira sunanta ba. Ranar farko da na buɗe Wireshark kaina ya sara, layuka dubbai kamar tururuwa, amma da na rubuta btrfcomm a wurin tacewa sai ya rage iya zancen firinta, tunda irin waɗannan firintocin ta SPP suke magana, wato kamar tsohuwar wayar siriyal ce aka mayar ta iska, lambar shaidarta, UUID, wannan sananniya mai farawa da 00001101.

Abin da na fi so a cikin fayil ɗin nan shi ne shina gaya maka wa ya kashe waya. Duk sanda haɗi ya yanke akwai lambar dalili. In ka ga 0x16 to wayarka ce da kanta ta yanke, 0x13 ɗaya ɓangaren ne ya ce sai anjima, 0x08 kuwa babu wanda ya yi sallama, shiru kawai aka ji har lokaci ya ƙare, wato ko nisa ko wani abu ya tare ko batir ya mutu. Da ina cewa firintar Alhaji ce ƴar jabu, ina buɗe log na ga 0x16 ɓaro-ɓaro, ashe ni ne mai laifin. Kod ɗina na tura bayanan sai ya rufe soket, wato ƙofar haɗin, nan take, alhali sauran kayan na kan hanya ba su gama fita ba. A wayata mai sauri suna riga su fice kafin a rufe ƙofa, a wayar yaron shago kuwa ƙofar ke datse su a tsakiya.

To mi ya sa ma kayan suka yi yawa haka, rasit ɗin da bai wuce layi ashirin ba? Nan ne Hausa ta shigo. Waɗannan firintocin da umarnin ESC/POS na Epson suke aiki, suna da haruffansu a ciki, layi ɗaya na ɗaukar harafi 32 a takardar 58mm, amma tawa ba ta san ƙ ba, ba ta san ɗ ba, ba ta san ɓ ba, balle alamar naira. Ka rubuta "ƙwai" ta fiddo maka wasu zane-zane kamar hatimin laya. Alhaji kuma ya ce shi lallai sai ya ga alamar ₦ ta gaske ba N ba, don na maƙwabcinshi haka yake. Sai na yi dabara na mayar da rasit ɗin gaba ɗaya hoto na tura. Faɗin takardar ɗigo 384 ne, ɗigo takwas ke yin bait ɗaya, ma'aunin yawan bayanai, kowane layin ɗigo bait 48 kenan, rasit mai tsawon layi 600 ya tashi bait 28,800, alhali da rubutu ne zalla ko dubu ɗaya da ƙyar zai kai. Ita kuma firintar cikinta ɗan ƙarami ne, ba ta iya haɗiye wannan a tashi ɗaya, musamman in batirinta ya yi ƙasa tana ƙona takardar a hankali, a nan na ga wani lokacin ko ban rufe soket ba tsakiyar rasit ɗin ke hargitsewa. Maganin dai shi ne a riƙa ba ta loma-loma, a ɗan dakata tsakani, kuma kar a rufe sai an tabbatar an gama. Yanzu sunan shago da jimillar kuɗi kawai nike turawa a hoto, sauran rubutu ne, ƙwai kuma ya koma kwai, Allah ya ba masu ƙa'idar rubutu haƙuri.

Kafin in kai ga wannan na ƙona takarda ta kai nadi goma sha, ga shi irin takardar nan zafi ke baƙanta ta, wani nadin da na manta a bakin taga cikin zafin Afrilu na dawo na iske gefenshi ya yi duhu. Shi ya sa na yi firintar ƙarya. Na sa aka kawo mani ESP32, ɗan ƙaramin allon lantarki mai Bluetooth da ake rubuta ma kod, daga Kano, na rubuta mashi ɗan kod da BluetoothSerial na Arduino, na raɗa mashi suna irin na firinta, aikinshi kawai ya karɓi abin da waya ta turo ya ƙirga bait nawa ne ya nuna mani a laftof. In na tura 28,800 ya ce 19,000 da wani abu ya gani, to na san an yi ɓari a hanya ba tare da na ɓata ko taƙi ɗaya na takarda ba. Daɗin abin kuma shi ne zan iya sa shi rashin mutunci da gangan, in ce mashi in ka karɓi rabi ka yanke, ko ka yi shiru na daƙiƙa biyar kamar firinta ta yi barci, in ga ya af ɗina zai yi. Gargaɗi ɗaya ga mai son saye, ka tabbatar ESP32 na asali ne, don samfurin C3 da S3 BLE (Bluetooth Low Energy, mai cin batir kaɗan) kawai gare su, ba su da tsohon Bluetooth ɗin da SPP ke hawa kai.

Tunda na ambaci BLE bari in ɗan tsaya, don abubuwa biyu ne ke amsa suna ɗaya kamar Hassan da Usaini. Akwai na da, wanda injiniyoyin Ericsson suka fara a 1994, shi ne na iyafis da sifika da mafi yawan firintocin nan, tasha 79 gare shi a kan 2.4GHz kuma shina tsalle tsakaninsu sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya. Sai BLE da ya zo da Bluetooth 4.0 a 2010, mai tasha 40, uku daga ciki, 37 da 38 da 39, na shela ne kawai, na'ura ta riƙa cewa ga ni nan ga ni nan. Ni da ban damu da BLE ba sai da babban ɗan Alhaji ya ce shi ma shina so ya riƙa fidda rasit da iPhone ɗinshi, ita kuma iPhone ba ta barin af ya yi SPP da na'urar da ba ta cikin MFi, tsarin na'urorin da Apple ya amince da su, saura BLE. Abin sa'a firintar tamu mai baki biyu ce, tana jin na da tana jin BLE, na gane haka da na buɗe nRF Connect, wani af kyauta na Nordic Semiconductor, na ga tana shela. Amma a BLE in ba ka nemi ƙari ba MTU, wato girman fakiti ɗaya, bait 23 ne, uku na kan saƙo, bait 20 kawai ke naka a kowane fakiti, ka raba 28,800 da 20 ka ga 1,440, mai saye ya sha shayi ya dawo. A Android kuma nan na fara gamuwa da kuskure mai lamba 133, wanda duk mai aikin BLE ya san shi, ba ya gaya maka komi sai dai an kasa. Ga kuma wata doka tun Android 7, in af ya fara nema fiye da sau biyar cikin daƙiƙa 30 sai a yi banza da shi shiru, ni kuwa na sa maɓallin nema wanda yaro zai yi ta dannawa kamar mai kiran mai ruwa. Na sayi dongul, ƴar na'urar da ake soka ma ramin USB, samfurin nRF52840, don sauraren BLE ta iska cikin Wireshark, gaskiya sau uku na yi amfani da shi, log ɗin cikin waya ya ishe ni, da na sani da na ƙara waya ɗaya da kuɗin.

Bayan duk na gyara waɗannan sai na lura ɗakin nawa ya cika lafiya. Shagon Alhaji ƙofar ƙarfe ce, rufin langa-langa, katan-katan har sama, ledojin ruwa jibge a bakin ƙofa, yara uku kowa da iyafis a kunne, mai POS na gefe ya kunna hotsfot, maƙwabci na da rauta, kuma duk a 2.4GHz ɗin nan suke cunkushe kamar ƴan kasuwar Charanchi ranar Lahadi. Don haka na koma ɓata ɗakina da gangan. Na shimfiɗa tef ɗin awo daga tebur har tsakar gida na yi alama da gawayi a mita 1, 3, 5 da 10, don yawancin ƙananan na'urorin nan ajin da ake cewa mita goma ne, amma goman fili ce babu bango. Na sayo ledar ruwa biyu na jera tsakanin waya da firinta, tunda ruwa na shanye wannan sigina, jikin mutum ma haka, shi ya sa ƙanena ya zama kayan aiki, in ce mashi tsaya nan ka juya baya ka sa wayar a aljihun gaba, shi kuma shina ta ƙunƙuni "Yaya wai ni ne bangon?" A nRF Connect kana kallon lambar RSSI, wato ƙarfin sigina, kusa-kusa wajen -50, kana nisa tana gangarawa, in ta doshi -90 to ka fara salati. Sai in kunna hotsfot a wayoyi biyu in sa su saukar da bidiyo, in jona iyafis a wayar da ke gwajin in sa karatu, sa'annan in tura rasit. A nan na kama wani laifin nawa kuma, ban kira cancelDiscovery, umarnin tsayar da nema, ba kafin haɗawa, wayar na ta neman wasu na'urori alhali tana ƙoƙarin magana da firinta, a ɗaki shiru ba ka lura, cikin hayaniya sai haɗin ya riƙa jan ƙafa ko ya faɗi. Wani abin da na kiyaye, adb ta kebul nike yi ba ta Wi-Fi ba lokacin gwaji, kar abin awon ya zama shi ke dagula abin da ake aunawa, dongul kuma na sa mashi doguwar kebul na nisanta shi da ramin USB 3.0 don shi ma shina watsa hayaniya a wannan zangon.

Saura yankewar sigina farat ɗaya, kamar yaro ya danna ya fita da wayar wurin mota. Na gaji da gudu zuwa zaure, sai na tuna kejin Faraday da aka koya muna a makaranta, ƙarfe in ya kewaye abu sigina ba ta shiga. Na shiga madafa na ɗauko babbar tukunyar alminiyam ta Inna mai murfi, wadda ake tuwon suna da ita, na sa firinta ciki na danna na rufe. Ba ta yanke ba! Ashe ta gefen murfin take zurarowa don ya ɗan lanƙwashe. Sai da na naɗe bakin da takardar alminiyam na ɗora turmi a kai sa'annan na ga 0x08 ya fito a log, na yi ihu ni kaɗai. Inna ta leƙo ta ga turmi kan tukunya, waya bakwai a jere, ledar ruwa a tsakar ɗaki, ta ce "kai yaron nan, in asiri ka fara ka gaya mani tun da wuri in kira Malam." Na ce Inna aiki ne. Ta ce aikin da ake dafa rediyo.

Duk gwajin da na yi ina rubuta shi a littafin makaranta mai layi, kwanan wata, wace waya, mita nawa, batirin firinta, hotsfot a kunne ko a kashe, sau nawa cikin goma rasit ya fito cikakke, kuma abu ɗaya nike canzawa a lokaci guda. Kafin kowane zagaye sai in goge haɗin a wayar in sake shi daga farko da lambar sirri 0000 ko 1234, in kashe Bluetooth na sauran shidan, don tawa firintar waya ɗaya take saurare a lokaci guda, in wata ta riƙe ta sauran sai dai su yi ta ƙwanƙwasa. Wannan ma ya faru a shagon, Alhaji ya haɗa da wayarshi da safe ya zauna a ciki shina lissafi, yaro na waje na ta fama, yanzu af ɗin na sakin firintar da zarar ya gama.

Sati uku kenan Alhaji bai kira ni kan rasit ba, jiya ma da na biya ya ce a ba ni katan ɗin taliya in kai ma Inna kuɗin hayar tukunya. Amma akwai layi ɗaya a littafin da har yanzu jan biro ne, waya mai tef na 10, in aka bar ta minti ashirin sikirin a kashe sai mai tsimin batirinta ya kashe af ɗin a ɓoye, rasit na farko bayan nan ba ya fita sai an danna sau biyu. Na cire af ɗin daga jerin tsimi, na kulle shi a jerin waɗanda ke buɗe, cikin goma dai sai ta yi sau uku. Kuma irin wayar ce sak a hannun yaron da zai riƙe sabon shagon da Alhaji ke buɗewa a Daura bayan sallah, tukunyar kuma Inna ta ce ranar Asabar akwai suna gidan kawu, in fiddo mata abinta in wanke tun ranar Juma'a.